Malam Abdulwahidu da Sabuwar Tukunyar Anti Chong

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, 12 ga Yuli, 2021, matarka Husainatu ta kira ni daga unguwar Setapak, a nan ƙasar waje da muka zo karatu, ta ce korona ta yi ajalinka, Malam Abdulwahidu. Ma'aikatan asibiti ne suka yi maka sutura. Mu abokan karatunka da ke unguwar Pantai Dalam, dokar kulle ta hana mu ko rakiya.

Wasu 'yan'uwanmu ɗalibai sun laƙaba maka "Malam open-minded", kuma ba yabo suke nufi ba. A bakinsu kalmar na nufin wanda ya saki layi. Laifinka kawai zama da maƙwabciyarku Anti Chong, tsohuwa 'yar asalin China mai ƙona turare a bakin ƙofa. Kana sauraren labarin addininta, kana ba ta na naka, kana ta fama da tsinken cin abincinsu da har ka bar duniya ba ka iya riƙewa ba. Na taɓa tambayarka ko sunan na damunka. Ka yi dariya ka ce, "Datti, ai ma'anar kalmar ita ce ka bar mutum ya gama magana kafin ka yanke masa hukunci. Wace sallar ka ga na bari?"

Bayan rasuwarka aka killace Husainatu da yaranku a gida, don su ma sun kamu. Abinci ya ƙare. A lokacin mabukata na rataya farin ƙyalle a taga don neman taimako, ita kuwa kunya irin tamu ta hana ta. Ko mu a waya sai ta ce komai akwai. Da na ji gaskiyar daga baya sai da na yi kuka.

Rannan aka ƙwanƙwasa musu ƙofa. Husainatu ta tarar da tukunyar faten shinkafa da kaza, ko takardar kanti ba a ɓare mata ba. Anti Chong na tsaye can nesa da takunkumi, ta ce, "Makan lah, ku ci. Tukunyar sabuwa ce, kazar yankan Musulmi ce. Mijinki ya yi mini bayani." Kullum sai ta kawo, har suka warke.

Ina miƙa ta'aziyya ga Husainatu da yara da dangi a Kano. Allah ya ba su haƙuri, ya raya abin da ka bari. Allah ya jiƙanka, Malam, ya gafarta maka, ya yalwata maka kabari kamar yadda ka yalwata wa mutane zuciyarka. Amin.