Injin da Mata Suka Ɗauka a Kafaɗa

Maigidana bai taɓa yarda da gareji ba. Cewa yake duk motar da ta kwana a hannun bakanike sai ta dawo da sabon ciwo. Shi ya sa duk shekarun da muka yi a wata 'yar unguwa da ke bayan kasuwar Gudu a Abuja, filin ƙofar ɗakinmu shi ne garejinsa. Motar a-kori-kura ce, tsohuwa, wai fara, amma babu wanda zai iya rantsuwa a kan launinta. Da ita yake ɗauko lemo da ayaba da kankana daga Zuba ya kawo wa 'yan kasuwa, kuma ba mu da wata hanyar abinci sai ita.

Unguwar asalinta ƙauyen Gbagyi ne, Gwarawa kamar yadda muka saba ce musu. Birni ne ya taso ya same su a wurin. Suka yi ɗakuna na laka da kwano suna ba mu haya, mu da muka zo daga Zariya da Katsina, da Inyamurai masu gyaran janareta, da wasu Tibi masu aikin gini. Kowa da irin Hausarsa, kuma a haka muke faɗa mu shirya. Ban taɓa zaton zan yi kewar wannan wuri ba, saboda kullum cikin ƙorafin kwata da sauro nake, amma ga shi yau ina yi.

Wata damina injin motar ya buga a kan hanya, aka jawo ta gida da igiya. Malam, haka nake kiran maigidan, ya zagaya ta, ya saurari abin da shi kaɗai yake ji, ya ce sai an sauke inji. Ba shi da sarƙar ɗaga inji irin ta gareji, babu kuma wata bishiya mai ƙarfi a kusa. Abin da yake da shi mutane ne. Bayan sallar La'asar ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce jama'a su taimaka masa da hannu. Kafin in gama tsame shinkafa da wake, ƙartai sun cika filin. Ya riga ya cire bonet da lagireto da duk gaban motar. Aka ɗaure injin da igiya, aka zura dogayen bututun ƙarfe guda biyu, aka yi "ya Allah" aka ɗago shi aka dire a kan tsohuwar taya. Suka cinye min abinci tas, suka watse suna tsokanar juna a kan wanda ya fi yin nishi.

Daga nan ni kuma tawa wahalar ta fara. Kwanukan da aka yi min jere da su, waɗanda ko baƙo ban cika ba wa ruwa a ciki ba, na wayi gari na gan su a waje cike da noti da kusoshi. Babban farantina aka zuba masa fetur ana wanke fistan. Na ajiye zani a kan igiya, na dawo na tarar an yage gefensa an yi tsumma. In na yi magana sai ya ce, "Ke dai bari, in ta tashi zan sayo miki sababbi." Har yau ina jira. Tuwo ma a lokacin ƙamshin baƙin mai yake yi, don da wannan hannun yake ci, sabulu ba ya fitar da shi. Amma in faɗi gaskiya, ina son kallonsa in ya zauna a kan tabarma da hantsi, ya jera ƙarafa a gabansa, yana goge kowanne yana ɗaga shi ga rana. Ban san shi da natsuwa irin wannan a kan komai ba.

Aikin ya ja, domin kayan da ake buƙata ɗaya bayan ɗaya yake samo su. Ana cikin haka wata safiya wasu mutane suka shigo unguwar da bokitin jan fenti, suka bi gida-gida suna shafa alama a bango. Duk wanda ya zauna a Abuja ya san ma'anarta. An ce filin yana cikin tsarin gari, kowa ya kwashe nasa kafin motar rusau ta iso. Ba a faɗi rana ba, amma mun ga yadda aka yi da unguwar da ke tsallaken rafi.

Nan da nan wuri ya fara yoyewa. Masu gyaran janareta suka tafi Mararaba, magina suka bi aikinsu, 'yan uwanmu masu shaguna wasu suka nufi Suleja, wasu suka koma gida. Kullum sai ka ga an cire ƙofa da taga an ɗora a kan baro. Mu kuwa ba mu da damar motsi, ga gangar jikin mota a gefe, ga injinta a warwatse a cikin kwanukana. 'Yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, suka fara kewaya mu da amalankensu. Ɗaya ya tsaya ya ƙwanƙwasa ƙofar motar ya ce, "Oga, gara ka sayar yanzu, in katafila ta taka ta sai dai a auna a sikeli." Malam ya kore shi.

Ya daina zuwa ko'ina sai masallaci. Ya haɗa injin nan cikin gaggawa, ya ɗaure, ya juya shi da hannu ya ji ya yi daidai. Sai ya tafi ƙofar masallaci bayan La'asar kamar wancan karon. Ya dawo da liman, tsoho mai ciwon baya, da wani tela siriri wanda ko buhun gawayi ba ya iya ɗauka. Su ke nan mazan da suka rage a cikinmu 'yan haya. Su ukun suka tsaya suna kallon injin. Liman ya yi addu'a, tela ya ba da haƙuri, suka tafi. Malam ya zauna a kan tayar ya dafe kai. Tunda na aure shi ban taɓa ganin ya rasa ta yi ba sai ranar, kuma abin ya tsaya min a rai.

Na ɗauki bokiti na tafi rijiya don kada ya ga hawayena. A can na haɗu da uwar mai gidan da muke haya, dattijuwar Gbagyi mai sayar da itace, wadda kowa ke kira Mama. Su 'yan ƙasa ba su tafi ba tukuna, amma mazansu kullum suna can wajen zaman taro a kan inda za a mayar da su.

"Amarya, me ya same ka? Ido naka ya yi ja," in ji ta. Na haifi 'ya'ya a gabanta, amma ban taɓa wuce amarya a bakinta ba.

Na faɗa mata. Ta sauke ƙwaryar da ke kafaɗarta ta ce, "Wannan ƙarfe, ya fi itace da muke kawowa daga dutse nauyi?"

Matan Gbagyi ba sa ɗaukar kaya a ka. A kafaɗa suke ɗorawa, a bayan wuya, komai nauyinsa, wai kai yana da nasa aikin, bai kamata a ƙara masa wani ba. Da muka zo sabo-sabo dariya muke yi musu a ɓoye. Ranar nan ban yi dariya ba. Na koma da sauri na faɗa wa Malam cewa Mama za ta tara mata.

Ya ɗago ya harare ni. "Mata? A ji cewa mata ne suka ɗora min inji? Da wane ido zan shiga Zuba?"

Na ce, "Malam, da ƙafa za ka shiga in ka sayar wa mai gwangwan. Ka zaɓa."

Ya tashi ya fara ɗaure injin da igiya. Washegari da hantsi sai ga su, Mama a gaba, 'ya'yanta da surukanta a baya, kowacce ta ɗaure zani tamau. Mama ta duba yadda aka ɗaure igiyar ta ce a rage tsawonta, don injin ya hau sama in sun miƙe. Ta jera su bisa tsayi, doguwa da doguwa, gajera da gajera. Gurbi ɗaya ya rage, ta kalle ni. Na naɗe mayafina na yi gammo, na ɗora a ka, ta buge min hannu ta mayar da gammon kafaɗa.

"Ba nan ba, amarya. Nan."

Malam ya tsaya a gefen motar ya zura hannuwansa ciki, domin shi zai daidaita bakin injin da giyar motar. Sai a lokacin na gane cewa in ɗayarmu ta zame, hannunsa ne zai tafi. Mama ta yi wata magana da yarensu, suka durƙusa tare, na durƙusa, suka miƙe. Wallahi na ji kamar ƙashin wuyana zai rabe. Maza da ihu suka fitar da injin nan, amma su ko tari babu wadda ta yi. Taku ƙanana suke yi, ƙafa ɗaya a lokaci ɗaya, har injin ya tsaya a saman gurbinsa bai ko yi lilo ba.

"Ƙasa kaɗan," in ji Malam, muryarsa can ciki. "Hagu. Tsaya. Mama, a riƙe haka, don Allah a riƙe."

Muka riƙe. Gumi yana shiga idona, ina jin numfashin matar da ke bayana a wuyana. Ya yi ta jijjiga ƙarfen yana lallaɓa shi, har muka ji wani ɗan ƙas, nauyin ya sauka daga kanmu. Ya zaro hannuwansa lafiya, ya tsaya yana kallon Mama. Daga ƙarshe ya cire hularsa ya durƙusa ya gaishe ta.

Sauran haɗin bai ɗauke shi lokaci ba. Da ya murɗa makulli batir ya kasa juya injin, don sabon ɗauri yana da tauri. Matan nan dai su suka tura motar, har da liman yana taɓa bodi da yatsa don a ce da shi aka yi. A gangaren rijiya ta yi tari, ta yi aman baƙin hayaƙi, ta kama. Na rangaɗa guɗa irin wadda ban yi ba ko a bikin ƙanwata.

Motar ta tsira, mu ma muka tsira. Amma aikin farko da ta yi ba lemo ta ɗauko ba. Malam ya rantse ba zai kwashe namu kayan ba sai ya kai na kowace mace da ta sa kafaɗa, kuma bai karɓi ko na mai ba. Haka ya yi ta sawu, wannan gida Kuje, wancan Gwagwalada, kullum unguwar tana ƙara zama kango. Sawun ƙarshe na Mama ne, zuwa wurin danginta a wajen Sheda, na ce sai na raka ta. Muka zauna a gaba ni da ita, tukwanenta da turminta a baya. Da muka hau titi ta juya tana kallon inda aka haife ta, inda aka binne iyayenta da mijinta, har gine-gine suka tare mata. Sai ta dafa gaban motar, ta ji yadda injin yake aiki lafiya lau, ta yi 'yar dariya.

"Amarya, ka gani? Da kafaɗa nawa na ɗaga abin da ya fitar da ni daga gida."

Malam ya rage gudu.