Sunan Ɗan Fari

A layin baya na zauren taron da ke Kubwa yake zaune, dattijo dogo, gemunsa ya sha lalle, hularsa duk ta koɗe. Mashkura, mai koya wa masu unguwanni yadda za su ja matasa a jiki, ba ta san sunansa ba. An dai ce mata daga Tungan Maje yake.

"Kowa ya buga wa ɗansa waya yanzu," in ji ta. "Ka kira sunansa, ka gaya masa abu ɗaya da kake alfahari da shi."

Zauren ya kaure da surutu da dariya. Shi kuwa sai juya 'yar wayarsa yake a tafin hannu, tsohuwa, ɗaure da roba.

Ta matso. "Baba, ba ka da ɗa ne?"

"Akwai wani yaro," ya ce, idonsa a ƙasa. "Yana tashar Zuba."

Wani yaro. Nan ta gane ɗan fari ne, wanda kunya ta hana uban kama sunansa tun ranar suna. Ƙila a tashar yake kwana, ƙila cikin masu shan kodin. Ba ta tambaya ba.

Ya danna lambar. Muryar saurayi ta fito a dishe: "Baba? Me kuma na yi?"

Sunan ya zo wa dattijon har baki.

"Kai," ya ce. "Ba komai. Hannuna ne ya taɓa."

Ya zura wayar a aljihu, ya gyara zama, yana jiran darasi na gaba.