Harufan da Suka Zube a Ƙofar Islamiyya

Na daɗe ina sana'ar rubuta alluna da sitika a ɗan shagona kusa da Ƙofar 'Yandaka, amma aikin da ya zubar mini da mutunci shi ne wanda na yi kyauta a unguwarmu.

Wani Alhaji ɗan unguwar, da ya koma GRA, shi ya aiko wa Islamiyyarmu da allon ƙarfe sadaka. Kore shar, gwanin sha'awa. Ina shafa shi gabana ya faɗi. Irin fentin hodar nan ne da ake fesa wa ƙarfe a gasa shi da wuta, ya fito da ƙuraje kamar ɓawon lemo. Danƙon sitika a kan ƙurajen kaɗai yake zama, sauran duk iska ce a ƙarƙashi. Na taɓa gwada shi a ƙyauren wani shago, na sha kunya, ba na neman ƙari.

Mu uku ne a zauren makarantar ran nan: ni, da shugaban kwamiti, wani tsohon ma'aikacin gwamnati da har yau yake magana kamar yana sa hannu a takarda, sai Malam, babban malamin makarantar, wanda a gabansa na sauke Alƙur'ani.

Na ce, "Ranka shi daɗe, wannan fenti ba shi riƙe sitika. A bar ni in ɗaura mashi fallen alminiyon mai santsi da kusa, in yi rubutun bisa."

Shugaba ya zare tabarau ya dube ni. "A huda allon Alhaji tun bai gan shi tsaye ba? Kai a gidanku haka ake yi ma kyautar manya?"

Na ce to, a cire Bismillah daga saman allon, in rubuta ta da buroshi a bango, don ɗigo da siraran harufa su ke fara saki. Ya ce Alhaji da bakinsa ya ce a sa ta, kuma Juma'a yana tafe. Malam ya ɗaga kai ya ce mini, "Yi iya yinka, Allah shi yi albarka." Wannan addu'ar ce ta ɗaure ni. Da shugaba ne kaɗai, wallahi da na tattara kayana.

Kwana biyu na rufe shago. Na wanke allon da sabulu, na goge shi da sifirit sau uku, na bar shi ya bushe a inuwa. Ko ɗigon ruwa ban sa wajen mannawa ba. Harafi-harafi nake bi, in hura masa zafi har ya yi laushi, in naɗe babban yatsa da tsumma in danna shi cikin ƙurajen. Yatsan sai da ya yi bororo. Alhaji ya zo, aka yi hotuna, aka yi ta masha Allah. Ba wanda ya tambayi wa ya rubuta, ni ma ban damu ba.

Bazara ce, kuma allon yana fuskantar yamma. Kafin wata ya cika ɗigogi suka fara faɗuwa. Da aka yi ruwan farko, rabin Bismillah ta sauko ƙasa, daidai bakin ƙofa inda ake tuɓe takalma. A unguwarmu ko guntun takarda mai rubutun Larabci aka gani a ƙasa ɗagawa ake a soke a bango, balle sunan Allah cikin taɓo.

Bayan sallar La'asar shugaba ya miƙe a masallaci. Bai kama sunana ba, ba ya ma buƙata. Ya ce an ba ɗan gida amana ya yi aikin ha'inci da kayan banza, ga shi ya ja ana taka sunan Allah. Sahu gaba ɗaya ya juyo. Ni Malam nake kallo. Kalma ɗaya nake jira daga bakinsa, ya ce yaron nan ya faɗa. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Magana ba ta kwana a Katsina. 'Yan Babbar Kasuwa da suka saba kawo mini aiki suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Wani ma ya tsaya daga bakin shago yana dariya, wai in na yi masa, ko nasa rubutun ma iska za ta kwashe. Daga baya kwamiti ya ɗauko wani baƙo daga wani gari. Ya huda allon wuri takwas, ya ɗaura falle mai santsi, ya manna rubutunsa. Shugaba yana tsaye yana gaya wa mutane cewa ga wanda ya san aiki.

Rannan Malam ya aika a kira ni. Na tarar da shi shi kaɗai a zaure. Bayan mun gaisa, ya ciro wata takarda a ninke daga aljihu. Harufan ne da ɗigoginsu, ya tsince su ɗaya-ɗaya, ya wanke musu taɓo.

"Ka adana su inda ba a takawa," ya ce.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba gabanka na faɗa masu ba?"

Ya ce, "Ka faɗa. To, makarantar a hannun su Alhaji da kwamiti take. Kai kana iya ɗaukar laifin."

Na miƙa hannu biyu na karɓa, na yi godiya, don shi ya koya mini haka.