Shekarar da Shamuwa Ta Zo Ita Kaɗai

A ƙauyenmu, can gefen Cadakori, da zarar an gama kai gero rumbu sanyi ya sauko, yaran unguwa ba sa neman wurin zuwa bayan tuwo. Ƙofar ɗakin kakata, mahaifiyar babana, nan ce matattara. Takan hura wutar kara, ta tura gyaɗa cikin toka, ta miƙe ƙafafunta masu faso tana mitar mun tare mata ɗumi. Ni ce 'yar ɗakinta, don haka gefen damanta nawa ne, duk wanda ya zauna mini a wuri kuwa sai mun yi. Takan ce, "Ke ƙawata, bakinki ya hi ƙarhinki. Bari ɗiyan mutane su ji ɗumi."

Babana shi ne ɗan farinta. Ina goye ya tafi cirani, da niyyar ya ƙetara Libiya ya dawo kafin shuka. Saƙonsa ya zo sau ɗaya daga Agadas, daga nan shiru. Mahaifiyata ta jira har ta gaji, aka raba auren, ta yi wani, Kaka ta riƙe ni. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta cigiyarsa, ba ta nuna damuwa a kansa a gaban mutane. Kaka ta riƙe wannan kunya da hannu biyu. Idan aka kawo zancensa sai ta tashi wai za ta duba akuya. Amma ba wanda ya isa ya ce da shi marigayi a gidan. Ƙanensa, Baffa Sani, ya taɓa cewa a yi masa sadaka, ta daɗe ba ta ci tuwon gidansa ba.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai guda da ba a raba ta da ita. Sai ta ce, "Ga ta nan ta taso, wa za ya tarbe ta?" Mu ce, "Mu ne!" Labarin wani yaro ne da aka yi fari a garinsu, ya ce da uwarsa zai je ya nemo inda ruwan sama yake kwana. Ya yi ta tafiya har ya shiga ƙasar rairayi, ƙishirwa ta kama shi. Ya tarar da wata rijiya mai magana, ta ce ba za ta ba shi ruwa ba sai ya biya ta da sunansa. Ya ba ta, ya sha. Da ya miƙe sai ya ga ya manta hanyar gida, don wanda ba shi da suna ko uwarsa ta kira ba zai ji ba. Uwar kuwa kullum da la'asar sai ta dama fura ta ɗora a kan danga.

A nan Kaka take tsayawa. Ta gyara wuta, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "To, mi za a yi da shi?" Sai gardama ta kaure. Wani ya ce a aika raƙumi, wata ta ce tururuwa su kai masa ƙamshin furar. Ni kullum shamuwa nake cewa, tunda ita ce ke dawo mana duk shekara gabanin damina. Kaka ta saurari kowa, ta ɗauki shawarar da ta yi mata, ta ɗinka ta a jikin labarin kamar dama can haka yake. Ko ta wace hanya aka bi, yaron nan sai ya iso gida ya sha furarsa. Mu a lokacin daɗin labari kawai muke ji.

Ina ajin ƙarshe a lakol, makarantar bokon ƙauyenmu, Malam Idi tela ya sayo tele, wato talabijin, da faifan hasken rana. Ya riƙa fito da ita tsakar gida bayan magariba, wutar Kaka ta rasa masu zama. Ni ma na gudu, ba zan ɓoye ba. Da na ce ta zo ta gani, sai ta taɓe baki. "Mutanen da kana yi musu magana ba su waiwaye? Tahi abinki."

Sai aka fara wani wasan Hausa mai dogon zango, ana nuna shi duk mako. Wata dattijuwa ce ɗanta ya bi masu ƙetara hamada, labarinsa ya ɗauke. Ina ba Kaka labarin kashi na farko tana tsinke zogale, na ga hannunta ya tsaya. Mako na zagayowa ta riga ni naɗe tabarma.

Kallo a gidan Malam Idi rabi kallo ne, rabi shari'a. Habu direba ya ce yaron wawa ne, wa ya aike shi. Matan unguwa su tsine wa dillalin da ya yaudare shi. Dije mai nono, Bafulatanar rugar bayan gari, ta ce ita shanun wasan ne ba su yi mata ba, duk ramammu. Amma cikin 'yan makonni Kaka ta fi kowa baki. Matar da ba ta taɓa tambayar matafiyi ko ya ga ɗanta ba, ita ce ke nuna tele da sanda tana cewa, "Ku dubi idon matar ga, ba ta kwana. Ku kuna ganin tana dariya, to wallahi ba ta kwana." Idan Habu ya zagi yaron ta hayayyaƙo masa: "Kai ka san abin da ya hidda shi gida? Yunwa ce, ba wauta ba!" Manya suka gane. Ni ma a nan na fara ganewa, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Da aka ce saura kashi ɗaya a gama, ta tare Habu a bakin motarsa ranar kasuwar Cadakori, da ƙullin gyaɗa a hannu. Ta ce, "Ɗana, kai da ke zuwa Maraɗi har Katsina, ka biya wurin masu wasan ga. Ka ce wata tsohuwa na gaishe su, ta ce su maido yaron ga gida. Ya sha wuya, ya isa hakanan."

Habu ya fara dariya, ya ga fuskarta, ya haɗiye. Ya ce, "Inna, ai sun gama shi tun tuni. Ɗauka suka yi suka aje, yanzu nuna muna kawai ake."

Ta ce, "Sun gama tun ba su ga masu saurare ba?"

"Haka ake yi, Inna."

"To wane irin mai tatsuniya ne wanga, da ba shi duba huskar mutane?" Duk da haka ta tura masa gyaɗar, ta ce ya dai gwada.

Ranar ƙarshe gidan ya cika har kan katanga. Abokin tafiyar yaron ne ya dawo, ya durƙusa a gaban dattijuwar, ya miƙa mata hular ɗanta, ya ce motarsu ta mutu a cikin rairayi kuma shi ya binne yaron da hannunsa. Matar ta faɗi tana kiran sunan ɗanta da ƙarfi. Ana kashe tele aka rabu gida biyu. Malam Idi ya ce wasa ya yi kyau, gaskiya aka nuna, haka abin yake faruwa. Mata suka ce an cuce su, da sun sani da ba su ɓata lokacinsu ba. Aka juyo ana jiran hukuncin Kaka, sai aka ga tana naɗe tabarma. Muna tafe a hanya ban ji kukanta ba. Sai da muka kai ƙofar gida ta ce, kamar da kanta take magana, "Ita dai an zo an hwaɗa mata."

Washegari da yamma ta hura wuta, ta aike ni na kira yara. Ta ɗauko labarin yaron da rijiya. Da ta kai inda ya sayar da sunansa, muka jira tambayar da muka saba, ba ta yi ba. Na kasa haƙuri na ce, "Kaka, shamuwa! A aika shamuwa!" Ta dafa kaina ta ce, "An aika, ƙawata. Bana ita ɗai ta zo." Ta ce uwar ta sauke ƙwaryar daga kan danga, ta ba yaran maƙwabta suka sha. Nan ta rufe labarin, ba wanda ya taɓa gyaɗar da ke cikin toka.

Da safe ta kira Baffa Sani. Ta ce ya buɗe rumbu a daka gumba, ya gaya wa liman a taru a yi wa uban yarinyar ga addu'a. Baffa, ƙato da shi, ya zauna a ƙasa yana kuka. Ita ta shiga ɗaki ta ja ƙyaure.

Yanzu ina zaune a Maraɗi da 'ya'yana, a waya muke kallon irin waɗannan wasanni. Nakan leƙa ƙasa in karanta abin da masu kallo suke rubutawa. A kowane wasa sai ka sami mai roƙo: don Allah kada ku kashe ta, don Allah ku dawo da shi. Sai wasu su bi shi da dariya, wai ai wasa ne. A da ina ganin Kaka kuskure ta yi da ta ɗauka tele tana jin magana. Daga baya na fahimci cewa wasan nan shi ne kaɗai wurin da aka bar ta ta yi maganar ɗanta da babbar murya, kuma da aka kashe na cikinsa, nata aka kashe. Shi ya sa ba na yi wa masu roƙon nan dariya, don ban san wa suke jira ba. Kaka ta rasu shekara biyu bayan sadakar. Har ta koma ga Allah ba wanda ya zo ya durƙusa a gabanta da hula, ni ma kuma har yau ba a zo ba.