Mayafaina a Jikin Buhunan Yashi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, Injiniya, Abban Safiya. Duk shekara yaran kan ce in rubuta wani abu a kansa, in ce musu to, in bar zancen. Ba kuka ne ya hana ni ba. Kukan ma bai zo ba, tun ranar da aka fita da shi daga gidanmu na Nassarawa. Ni dai ina nan kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ko an taɓa ba ta ji.

Aikinsa na ƙarshe shi ne kafa jirgin wasa a wani wurin shaƙatawa, irin mai bin dogo ya hau sama ya gangaro a guje. Daga waje aka sayo shi, aka yi wa gari alƙawarin buɗewa a ƙaramar Sallah. Masu ƙera shi ba su yi wasa da tsaro ba. Akwai ƙarfen da ke danne cinyar mutum a kujera, akwai birki a ƙarshen dogo, akwai haƙoran da ke hana jirgin komawa baya in yana hawa. Kafin a ɗora mutum kuma, buhunan yashi ake zaunarwa a kujerun a yi ta gwaji.

Wata safiya na same shi gaban durowata yana kwasar mayafaina. Na ce, "Injiniya, ko sana'a aka canza ban sani ba?"

Ya ce, "Waɗanda suka ƙera abin nan riga da wando suke sawa. Matan garin nan kuwa da mayafi za su hau."

Ya je ya yafa wa buhunan yashi mayafaina kamar masu zuwa biki, ma'aikata na ta dariya. A gangarar farko iska ta ɗebi gefen wani shuɗi na cikin lefena, ta cusa shi a ƙafar jirgin. Mayafin ya shaƙe wuyan buhun har ya fashe. Ragowar mayafin ya kawo mini a leda, ya ajiye.

Daga ranar ya ƙi sa hannu sai an rufe gefen kowace kujera da faifan ƙarfe. Masu wurin suka ce a kafa sanarwa kawai, mata su cire mayafi. Ya ce su nuna masa macen da za ta cire mayafi a bainar jama'a don hawa lilo. Ƙaramar Sallah ta wuce, babba ma ta wuce. A masallacin unguwa ana tsokanarsa, wai jirgin nasa sai jikoki ne za su hau. Ni ma ban raga masa ba. An gama walda, an sake gwaji, saura buɗewa, ya kwanta ciwon 'yan kwanaki. Bai ga mutum ko ɗaya a kujerun ba, ni kuma ban taɓa taka wurin ba.

Sallar bana jikata Ummi, 'yar Safiya, ta kafe sai ta hau. Uwarta ta ce, "Mama, aikin Abba ne, ke za ki yanke." Ummi dogon hijabi take sawa har ƙasa. Wurin ya canza hannu tuni, kuma wa ya san ko an ɓalle faifan an zubar? Na ce sai na gani da idona.

Da Injiniya yana nan, na san ba zai kalli cunkoson da masu ɗaukar hoto da waya ba. Tsugunawa zai yi da babbar rigarsa ta Sallah yana leƙen noti. Haka na yi, da ciwon gwiwata. Faifan suna nan, sun sha fenti, an manna musu tallar lemo. Na tambayi matar da ke kula da layi amfaninsu. Ta ce, "Na talla ne, Hajiya." Ban gyara mata ba. Na ce wa Ummi ta hau.

Jirgin ya hau yana ƙara, ya gangaro. Na ga iska ta ɗebi gefen hijabinta ta yi ƙasa da shi. Ya bugi faifan, ya dawo kan cinyarta. Ta sauko tana dariya, ba ta ma san an yi ba.

Babu sunan Injiniya a ko'ina a wurin. Matan da suka hau suka sauka da mayafansu lafiya ba su san shi ba, kuma shi bai nemi su sani ba. Abin da ya rage nasa ke nan, Allah ya jiƙansa. Da muka koma gida na ciro ledar nan, na yafa shuɗin mayafin a yagensa, na zauna har aka kira la'asar. Ban yi kuka ba. Amma na ji jini ya fara komawa ƙafar nan da ta daɗe ba ta ji, kuma da zafi yake komawa.