Direban da ya ce in fasa masa gudan jini

Cikin duk shekarun da na yi a ɗakin sikanin, ranar da ba ta fita daga raina ba ita ce wadda Malam Sahabi ya shigo yana jan ƙafa. A lokacin ni kaɗai ce jami'ar ɗaukar hoto a asibitinmu na Gusau, don an mayar da abokiyar aikina wani gari, ba a kawo madadinta ba. Ɗakin yana can ƙarshen baranda, labule a sake kullum saboda allon na'ura ba ya son haske. Sai in wuni ban yi magana da kowa ba, in ban da "kwanta" da "tashi".

Malam Sahabi direban babbar mota ne, mutumin Bungudu, yana ɗaukar hatsi daga kasuwar Tsafe zuwa kudu. Ƙafarsa ta hagu ta kumbura tun daga ƙwauri. Ga waɗanda ba su san aikin ba: muna shafa mai, mu ɗora kan na'ura a kan jijiya mu danna. Lafiyayyar jijiya takan lotse. Tasa ta ƙi. Jini ya daskare a ciki, abin da dogon zama a mota ke jawowa. Haɗarinsa shi ne gudan ya ɓalle ya tafi huhu.

Na faɗa masa sai likita ya kwantar da shi an fara ba shi maganin tsinka jini. Sai ya ciro waya ya nuna mini bidiyon da ɗansa mai aiki a ƙasar waje ya turo, inda ake tattara ƙarfin sauti wuri guda a farfasa gudan jini ba tare da an tsaga fata ba.

"Malama, ba irin wagga na'ura ba ce? Ki fasa shi yanzu in tashi."

Na ce, "Baba, duka biyu da sauti suke aiki, amma nan kawai suka haɗu. Tawa gani take yi. Waccan ko a can ɗin gwaji ake kan yi, ba ta iso mu ba."

"Ko dai sai manya kuke yi wa?"

Maganar ta yi mini zafi. Na ɗora kan na'urar a hannuna, na ƙure ƙarfinta, na nuna masa ko ɗumi ban ji ba. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya fara laluben takalminsa. Ya ce akwai mai tausa a Bungudu, can za shi. Tausa kuwa ita ce za ta iya ɓalle gudan.

Na je na sami likitan da ke aiki, layi har waje. Ya ce, "Hajiya, ki rubuta sakamako. In ya ƙi gado ya sa hannu, ba mu ɗaure kowa." Gaskiya ya faɗa, haka ƙa'ida take. Na dawo ba ni da wanda zan yi shawara da shi.

Na tarar da Malam Sahabi zaune a bencin baranda, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan ya ƙi shiga. Na zauna gefensa na ce, "Baba, me kake gudu a kwanciyar nan?"

Ya ce, "Wa zai zauna da ni? Mai ɗakina ta rasu bara. Yaron yana can. Kowa da mai jinyarsa, ni in kwanta ana kallona."

Ban taɓa tunanin haka ba. Na ce masa abinci dai daga gidana zai zo, kuma ɗakin aikina ba nisa. Ya yarda.

Kullum in na tashi aiki sai in kai masa tuwo, in zauna a kujerar mai jinya. Ba ma wata hira. Wani lokaci ya ba ni labarin hanya, wani lokaci barci ya ɗauke shi in tattara kwano in tafi gida a unguwar Damba, inda ni ma ba mai jirana tun da yarana suka watse. Kumburin ya sauka a hankali, aka sallame shi da ƙwayoyi.

Ya dawo sau ɗaya na sake dubawa, jini ya fara samun hanya. A bakin ƙofa ya ce, "In waccan na'urar ta zo, ki aiko Bungudu, ina son in gan ta da idona." Har na yi ritaya ba ta zo ba, shi ma ban sake ganinsa ba.

Ku da kuka gaje ni, wata rana ƙila ku riƙe irin wannan na'ura, ina yi muku fatan haka. Amma in majinyaci ya matsa sai an gama masa yau-yau, kafin ku ce taurin kai ne, ku leƙa baranda ku ga ko akwai wanda ya rako shi.