Yadda na kai akwatin Musbahu Sokode

Wautata ce ta sa na karɓi aiken da ban san kansa ba. Musbahu, ɗan ƙanwata, shi ke kula da kwamfutar wani kamfanin auduga a Lome. Ya ba ni ƙaramin akwati in kai reshensu na Sokode. Wai in an jona shi da wayar tarho, mutanen can za su riƙa ganin allon kwamfutarsa. Manaja ya ce wa Musbahu in abin bai yi ba zuwa Juma'a, ya nemi wani aikin.

Lome zuwa Atakpame

Na bar unguwarmu Zongo kafin kiran asalatu. A shingen Cebiye jandarma ya girgiza akwatin.

"Alaji, rediyo ne?"

"Ɗana, ni ma tambayar da nake yi ke nan."

Ya yi dariya, muka wuce. A Atakpame na ci sakwara, akwatin na bisa cinyata.

Sokode

Mun iso bayan la'asar. Akawun reshen, Mushe Kosi, wato Malam Kosi a bakin masu Faransanci, ya jona wayoyi. Akwatin ya yi kuka kamar ɗan akuya, allo ya fara zana abu daga sama, layi-layi. Gashi ya fito, sai goshi. Ashe hoton Shugaban Ƙasa ne kamfani ya sa a farkon allon. Da aka zo hanci, layi ya yanke. Aka sake, ya ƙara yankewa a hanci.

Muka kira Musbahu a tarhon gidan waya.

"Kawu, hoton ne ya yi wa layin nauyi. Ba don shi ba, rubutu da gudu zai zo."

"To, cire mutumin mana."

Mushe Kosi ya waiga hagu da dama, ya ja ni waje kada maganar ta faɗa kunnen hukuma.

Ni dai ban gane yadda hoto ke da nauyi ba. Amma washegari na sauke babban hoton da ke bangon ofis, na jingina shi bisa kwamfutar, na ce ga shi nan bai je ko'ina ba. Muka sake kiran Musbahu, ya cire na kwamfutarsa daga can Lome. Kafin in gama ɓare goro, rubutu ya cika allo.

Komawa

Na dawo Zongo lafiya, Alhamdulillahi, ina gode wa Mushe Kosi da ya ba ni masauki. Musbahu ya tarye ni a tasha, aikinsa ya tsira. Ya karɓi jakata, ya sassauta murya.

"Kawu, in an zo tambayar wa ya ce a cire shi, sunanka zan faɗa ko nawa?"